Gus Bai Kai Bazara Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Orval Kangas na garin Aurora a arewacin Minnesota yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, tsofaffin abokan aikinsa na mahaƙar ƙarfe, da duk wanda ya taɓa toshe kunne idan ya zo wucewa, rasuwar babur ɗinsa, wanda kowa ya sani da suna Gus. Ya rasu yana da shekara arba'in da shida, shi kaɗai, a rumfar katako da ke bayan gida. Ba a san takamaimiyar ranar ba. An dai tarar da shi ranar Talata ta biyu a watan Afrilu, bayan ƙanƙara ta fara narkewa.

Marigayin ya shigo gidan Kangas yana sabo ful, a shekarar da Orval ya auri Darlene Zupancic. Ita ta raɗa masa suna. Ta ce rurinsa sak minsharin kawunta Gus idan ya ci ya ƙoshi ya miƙe a kujera. Tun daga lokacin, wata biyar a kowace shekara, su uku suke yawo: Orval a gaba, Darlene a baya ta cusa hannuwa cikin aljihun rigarsa, Gus yana ɗauke da su duka bai taɓa ƙorafi ba, har bayan da nauyin mata da mijin ya ƙaru yadda ba sai an faɗa ba.

Wanda ya san shi zai shaida haƙurinsa. Sau ɗaya tak ya tsaya da su a hanya, cikin ruwan sama, kusa da garin Grand Marais, shi ma laifin Orval ne da ya rantse akwai sauran mai. Ya kuma iya riƙe sirri. Shekarar da aka rufe mahaƙa aka sallami ma'aikata, kullum da safe Orval yakan hau shi ya fita don kada 'yarsa Tamra ta gan shi zaune a gida. Sai su je bakin wani tafki su wuni, mutum yana kallon ruwa, babur yana jingine. Har ya bar duniya bai gaya wa kowa inda suke zuwa ba.

Ba za a ce ba shi da aibu ba. Yakan ɗiga baƙin mai duk inda ya tsaya. Ba ya son sanyin safiya, sai an lallashe shi: kof, kof, kof, sannan ya gyara murya ya kama gudu-gudu-gudu har gilashin tagar kicin ya yi rawa. Sau biyu ya saki ƙara kamar bindiga a ƙofar coci ana tsakiyar addu'a. Idan an dawo gida an kashe shi kuwa, sai ya yi ta tik, tik, tik yana hucewa, su kuma su tsaya a gefensa har ya yi shiru.

Hunturu arba'in da biyar ya yi a rumfar nan, bai taɓa fita da ko tari ba, domin Orval bai taɓa yi masa ha'inci wajen kwantar da shi ba. Da ganyaye sun gama zuba a Oktoba, zai wanke shi, ya juye baƙin mai ya zuba sabo, ya cika tanki har baki ya sa maganin da ke hana fetur lalacewa. Zai kwance fulogi ya ɗiga mai kaɗan a ciki ya mayar ya ɗaure. Zai toshe salansa da soson ƙarfe saboda ɓeraye, ya ɗora tayoyi a kan katako, ya cire batir ya kai shi ɗakin ƙasa inda akwai ɗumi. Daga ƙarshe Darlene ta fito da tsohon bargon da ta ɗinka masa ta lulluɓe shi da hannunta. Duk sanda dusar ƙanƙara ta taru a kan rufin, Orval zai fita da doguwar manjagara ya kwashe.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi. Ranar Asabar ce da hantsi, a Oktoban da ya wuce. Orval ya wanke shi, ya kwance fulogi biyun, yana riƙe da 'yar butar mai, sai ya ji faɗuwar tukunya a kicin. Ya kira sunan Darlene. Ya sake kira. Ya ajiye butar a ƙasa ya ruga. A gaban murhu ya same ta, bakinta ya karkace, hannun damanta ba ya motsi.

Wata biyar da rabi ya yi a birnin Duluth, a gidan Tamra, yana zirga-zirga tsakanin asibiti da gidan kula da tsofaffi inda aka mayar da matarsa daga baya. Ya koyi yi mata wanka, ya koyi ba ta abinci da cokali. Wani maƙwabci ya kula da bututun ruwan gida don kada su daskare, amma babu wanda ya tuna da rumfa. Orval kam ya tuna. Yakan tuna duk lokacin da ya ga dusa tana zuba ta tagar asibiti, sai ya juya baya ya ci gaba da abin da yake yi.

Rufin ya rufta, wataƙila a Janairu. Azara ta sauko a kan marigayin ta lanƙwasa masa ƙashin baya. Ruwa ya bi ta ramukan fulogi da aka bari a buɗe ya cika masa ciki, ya daskare, ya narke, ya sake daskarewa, har injin ya tsage. Ɓeraye suka haihu a cikin kujerarsa.

Duane Petrich, bakaniken da ya yi shekara talatin yana duba shi, shi ya tabbatar da rasuwar. Ya durƙusa cikin taɓo ya haska da tocila, ya daɗe bai ɗago ba.

Orval, wanda shi ma ya durƙusa a gefensa, ya ce, "Faɗi mana. Kai da bakinka ba ya hutawa, yau ka zama bebe?"

Duane ya ce, "Orv, da ƙarya za ta tashe shi, wallahi da na yi maka. Wannan ya tafi."

"Fulogi biyu fa. Minti ɗaya ya ishe ni in ɗaure su."

"To da ka tsaya ɗaure su, yau sanarwar wa za ka rubuta? Tashi, tsoho, gwiwarka ta jiƙe."

Orval bai tashi ba. Mutumin da bai zubar da hawaye ba a motar asibiti, bai zubar ba ranar da likita ya ce Darlene ba za ta koma gida ba, shi ne ya dafa tankin nan mai tsatsa ya yi kuka kamar ransa zai fita. Duane ya cire hularsa ya fita waje yana kallon itatuwa.

Marigayin ya bar batir ɗinsa, wanda bai samu zuwa ɗakin ƙasa ba a wannan karon, shi ma ba a sa ran zai tashi. Ya bar hulunan kwano biyu a rataye, da madubi ɗaya da bai fashe ba, da baƙin tabo a simintin ƙofar coci wanda aka yi ta gogewa ya ƙi fita. Ya bar Tamra, wadda ta koyi tuƙi a kansa a ɓoye, sai yanzu ta amsa laifinta. Ya bar Orval. Ya kuma bar Darlene, wadda maganarta ta dawo amma tunaninta ya tsaya cak a safiyar Asabar ɗin nan. Kullum mijinta ya shigo ɗakinta, takan dube shi ta ce, "Ka gama da Gus? In ɗauko bargon?" Shi kuma yakan gyara mata matashi ya ce, "Saura kaɗan."

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe a bayan gidan Kangas. Duane zai cire duk abin da zai amfani wani babur ya raba wa mabuƙata, sauran kuma mutum huɗu za su ɗora a mota zuwa wurin 'yan gwangwan da ke bayan gari. A zo da takalman roba, filin duk taɓo ne. Za a sha kofi, akwai ƙyafaffen kifi da burodi. Ba a buƙatar furanni. Kada kuma kowa ya zo da labarin wani babur na sayarwa.

Roƙo ɗaya iyali suke yi ga masu zuwa gaida Darlene a Duluth. Ba a gaya mata ba, kuma ba za a gaya mata ba. Idan ta tambaye ku, ku ce kun gan shi, yana nan lafiya.