Niyyar Ƙarfe Uku

Akwai wani mai gyaran rediyo a Kurna, Malam Ashiru. Amma in ka shiga unguwar kana cigiyar Malam Ashiru, sai a yi ta kallonka. Ka ce Kyaftin kawai, yanzu a nuna maka rumfarsa. Shi da bakinsa yake ba da wannan labari, yana yi yana share hawayen dariya da hannun riga, don haka ba gulmarsa aka yi ba.

Allah ya jarrabi bawan nan da son jirgin sama. Rumfarsa tana daidai inda jirage ke sunkuyowa za su sauka, shekara talatin yana nan. Yana tsakiyar liƙa waya, da ya ji rugugi sai ya ɗaga yatsa, kowa ya yi tsit. Ya ce, "Mai inji biyu ne, na kaya, kuma bai cika ba." A leƙa, sai a ga inji biyun kuwa. Maganar ya cika ko bai cika ba, wannan babu mai iya ƙaryata shi.

Littattafai kuwa akwati biyu ne a ƙarƙashin gado, na gwanjo da yake tsintowa a bakin kasuwar Sabon Gari. Wasu babu bango, wasu gara ta riga shi fara karantawa. A cikinsu ya san cewa wasu 'yan'uwa biyu masu gyaran keke ne suka fara tashi da jirgi. Yakan ce, "Masu gyaran keke fa! Ni kuwa rediyo nake gyarawa. Ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya fi kusa da injiniya?"

Bayan la'asar in majalisa ta cika, shi ne mai sharhi, don kowace tasha tana bi ta hannunsa. Sai dai duk inda zance ya faro, a jirgi yake ƙarewa. A ce tumatir ya yi tsada, ya ce rashin jiragen kaya ne. A ce ƙasa kaza da ƙasa kaza sun ɓata, ya ce a duba wadda ta rufe wa wata sararin samaniya, nan maganar take. Har zancen zaɓe sai ya ja shi ya kai filin jirgi.

Abu ɗaya ne dai, bai taɓa shiga jirgi ba. Shi ma ba ya ɓoyewa. Cewa yake, "Duk duniya ni kaɗai ne kyaftin da iyakar tashinsa saman kwano, gyaran eriya."

Ana nan sai Allah ya buɗa wa 'yarsu Saudatu da mijinta, suka biya musu kujerar Umra, shi da matarsa Hansai. Ranar da aka kawo tikiti Kyaftin bai ci tuwo ba. Ya wanke hannu ya karɓa, ya shimfiɗa taswira a tabarma, ya ɗauko fensir.

A wajen bita malamin ayarinsu ya yi musu bayani dalla-dalla. Jirginsu a Jidda zai sauka kai tsaye, saboda haka maza su ɗaura tufafin harami tun daga Kano. Niyya kuwa a sama za a ƙulla ta, in an zo daidai miƙati, iyakar da mai Umra ba ya tsallakewa sai da niyya. Wanda ya tsallake haka nan, ko ya koma baya ko ya yi yanka. Ya ce kowa ya kasa kunne, ma'aikatan jirgi za su yi sanarwa kamar saura rabin awa a sauka.

Kyaftin ya yi murmushi. Sanarwa ai ta masu barci ce.

Ya yi lissafinsa. Nisan Kano zuwa Jidda, da gudun irin jirgin da za su shiga, awa huɗu da rabi. Ya duba tikiti: tashi ƙarfe tara na safe, sauka uku da rabi na yamma. Awa shida da rabi ke nan. Ya sake bugawa, ya goge, ya sake. Awa biyu sun ƙi su ɓace. Can sai ya tafa hannu har Hansai ta firgita a bakin murhu.

"Na gano su! Hansai, kin san rikicin da ake yi a ƙasashen da ke kan hanya? Wanda nake ta faɗa a majalisa ana yi mini dariya? To kewaye za mu yi. Awa biyu cur. Ba za su faɗa wa fasinja ba don kada a tsorata, amma ga shi nan a tikiti, mai ilimi ne kawai zai gani."

Ta ce, "To, Malam."

"Ƙarfe uku daidai a agogon nan nawa, a nan miƙati yake. Kada ki bi hayaniyar mutane. Ki jira ni. Ko ba a zaunar da mu wuri ɗaya ba, zan ɗaga farin hankici."

Ta ce, "To, Malam. Ga tuwonka yana sanyi."

Haka kuwa aka yi, ba su zauna tare ba. Mata suka haɗu a gaba, shi kuma ya samu taga a can baya, kusa da wani dattijo daga ƙauyen Bichi, Baba Sallau, mai shekara tamanin da wani abu. Kafin a rufe ƙofa Kyaftin ya gama ba shi tarihin jiragen da suka fara sauka a Kano tun zamanin Turawa, ya kuma nuna masa takardar lissafi. Tsohon bai yi boko ba, amma ya ga lambobi reras da zanen kibiya.

Ya ce, "Ɗan nan, kai direban jirgi ne?"

"Kusan haka, Baba."

"Alhamdulillahi. To ni barci nake da shi kamar kasa. In an zo wurin ka tashe ni. Amana."

"Ka kwantar da hankalinka, kana hannun masu abin."

Da jirgi ya ɗauki gudu ya ɗaga hanci sama, Kyaftin ya san sunan duk wani ƙarfe da ke motsi a fiffike. Amma cikinsa bai karanta littafi ko ɗaya ba. Ya damƙe hannun kujera, ya rufe ido. Shi da kansa ya ce duk addu'ar da ya sani sai da ya karanto, har da ta shiga kasuwa. Sai da aka kawo shayi ya dawo kyaftin.

Wajen ƙarfe ɗaya saura a agogonsa, lasifika ta yi magana da Larabci, ta maimaita da Turanci. Malamin ayari ya miƙe a gaba ya ɗaga murya. Nan take jirgi ya ɗauka gaba ɗaya, Labbaika, Labbaika, maza da ƙarfi, mata a hankali, wasu suna kuka. Baba Sallau ya farka a firgice.

"Ɗan nan, an zo ne?"

Kyaftin ya dubi agogo, ya girgiza kai cikin tausayi. "Koma barcinka, Baba. Gaggawa ce irin ta mutanenmu. Saura awa biyu. Mu namu a kan layi za mu yi shi, daidai wa daida."

Tsoho ya gyara mayafin haraminsa ya koma.

Jim kaɗan sai ƙarar inji ta sauya, kunne ya toshe. Kyaftin ya leƙa ya ga teku, ya ga gaɓa, ya ga gidaje farare suna matsowa. Ya sake duba agogo. Amma mai akwati biyu na littafi ba ya rasa amsa. Ya tuna a zamanin jirage masu farfela, alhazai sukan yada zango a hanya. Taya na taɓa ƙasa tsoho ya sake buɗe ido.

"Mai za mu sha, Baba. Da ma na san da wannan kewayen sai an ƙara."

Mutane suka miƙe suna sauke jakunkuna. Ya ce miƙe ƙafa za su yi. Layi ya tafi, ya tafi, har jirgi ya zama daga shi sai tsoho. Wata ma'aikaciya Bahaushiya ta ƙaraso da fara'a.

"Alhaji, lafiya dai? An iso Jidda."

"Wace Jiddar, 'yata? Tikiti ya ce uku da rabi." Ya miƙa mata tsintsiyar hannunsa. "Ɗaya da rabi yanzu."

Ita ma ta miƙa masa nata agogon. "Uku da rabi, Alhaji. Lokacin sauka da agogon garin da za a sauka ake rubuta shi."

Kyaftin ya ce a nan ya ji kamar an zare masa batir. Shi ne fa duk azumi yake bayyana wa majalisa abin da ya sa ake ganin mutanen Makka a talabijin sun sha ruwa mu rana tana sama. Awa biyu. Ya san su kamar sunansa. Ya bar su a gida, ya tafi neman su a yaƙin wasu ƙasashe.

Baba Sallau ya taɓa shi. "Ɗan nan, sun gama shan man ne?"

A zauren filin jirgi malamin ayari ya saurari bayani, ya cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa a gaban dattijo. Ya ce hukunci dai shi ne wanda aka faɗa a bita. Komawa miƙati da mota tafiya ce, kuma jikin Baba ba zai ɗauka ba. Sai su ƙulla niyya a nan, kowa da yankansa.

Baba Sallau bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya dubi Kyaftin sama da ƙasa ya ce, "Shekara tamanin ban taɓa makara sallar Idi ba, ni da nake zuwa a kan jaki. Yau na zauna kusa da direba."

"Baba, ragonka a wuyana."

"Ai da ma."

Sai a lokacin Kyaftin ya tuna Hansai. Baiwar Allah da ta yi shekaru tana roƙon ganin Ka'aba a kowace sujada. Ya ce ta jira hankici, ga hankicin nan a ninke a hannunsa, ko buɗe shi bai yi ba. Rago na uku ba komai ba ne. Idonta yake jin kunya.

Ya same ta a gefe tana zaune a kan jakarta, leɓɓanta suna motsi. Ya yi abin da bai taɓa yi ba tun aurensu, ya tsuguna a gabanta.

"Hansai, ki yafe ni. Na cuce ki. Lissafina ya tashi a banza, na sa kin tsallake miƙati ba niyya. Zan yi miki yanka."

Ta ƙarasa abin da take faɗa a hankali, sannan ta dube shi.

"Wane yanka kuma, Malam? Ni ai tun a sama na ƙulla, tare da jama'a."

Wani sanyi ya ratsa shi, ya yi hamdala. Amma kyaftin ɗin da ke cikinsa bai gama mutuwa ba. Ya ɗan gyara tsuguno.

"Kika ƙulla? Ba na ce ki jira hankici ba? Kika ce mini to?"

"Na ce."

"To ya aka yi kika san lissafin ba daidai ba ne? Ke da ko taswirar ba ki kalla ba?"

Ta gyara hijabinta ta ce, "Malam, kai shekara talatin kana karanta jirgi daga ƙasa. Ni kuwa shekara talatin ina karanta ka daga cikin gida."