Yadda Ake Dasa Kurmi a Kan Tebur Don Karɓo Mata Daga Gidan Suruki

Ɗan'uwa, idan matarka ta tafi wankan jego gidansu, arba'in ta wuce, wata huɗu ya shuɗe, surukinka kuma ya ce babu inda za ta, to share hawayenka. Ga magani sadidan, wanda bai taɓa kuskure ba a duk sau ɗayan da aka gwada shi. Ni Yusha'u, malamin aikin hannu a wata firamare da ke Wara, ni na gwada shi bana, shekara guda da ba mu jihar Kebbi. A kan surukina Baba Wakili na gwada, tsohon masunci, wanda ya rantse 'yarsa Murjanatu ba za ta koma gidan mutumin da ke amai in ya shiga jirgin ruwa ba. Bi matakan nan daki-daki.

Mataki na 1: Nemo ilimin daga nesa

Ilimin da aka samo a bayan gida ba shi da kwarjini. Nawa daga Laberiya ya zo. Yayana Basiru soja ne, ya zo hutu daga can, ya ba ni labarin yadda hafsoshinsu ke gina ɗan ƙaramin kurmi a kan tebur, da rafi da bukkoki, su riƙa tura 'yan sojoji da sanda kafin a je a yi na gaske.

Na ce, "Yaya, kai ma ka tura?"

Ya ce shi aikinsa ɗauko teburin ne.

Wannan ya isa. In an tambaye ka, ka ce a wajen sojoji ka koya.

Mataki na 2: Gano yaƙin da surukinka bai gama ba

Kowane tsoho yana da guda. Na Baba Wakili ya faru ne yana saurayi, tun kafin ruwan dam ɗin Kainji ya shanye tsibirinsu, Gungun Shamuwa. Sun gwabza da filafilan tuƙa jirgi, su da samarin Tungar Maikwari, a kan wani gurbin kifi. Jagoran ɗaya ɓangaren, Tanimu manomi, yana nan da ransa a bakin kasuwa, kuma kowannensu cewa yake shi ya yi nasara. Ba wanda ya mutu. Haƙori ɗaya ne ya faɗi, har yau kuma ba a daidaita a kan ko na wane ne ba, domin yanzu su biyun babu mai ko ɗaya a baki da zai kafa hujja.

Mataki na 3: Shimfiɗa ƙasa da ruwa

Samo faffaɗan katako. Ɗebo laka daga bakin ruwa, ka kwaɓa ta da dusar katako don kada ta tsage. Tsibiri a hagu, tunga a dama, ruwa a tsakiya. Ruwan kuwa bular wanki ce da ƙaro, shafi uku, kowanne ya bushe kafin na gaba.

Kada ka kuskura ka liƙa komai da koko. Ni na yi. Kiyashi suka ci tsibirina na farko da yaƙi tun ban sa soja ko ɗaya ba.

Mataki na 4: Dasa kurmin

Tsinken tsintsiya shi ne gindin itace. Yayyaga tsohon soso, ka tsoma a koren fenti, ka soka a kai. Gashin kaza da aka tsattsaga yakan yi giginya mai kyau, muddin mai kazar ba ta gani ba. Bukkoki kuma kwalin ashana ne da aka shafe da laka, aka ɗora masa jinkar busasshiyar ciyawa. Fara da fenti mai duhu, ya bushe, sannan ka goga mai haske sama-sama da tsohon buroshin haƙori. Nan take itace zai yi kamar rana ta faɗo masa.

Fenti ba ya wuya a sabuwar jiha. Duk inda aka goge Sakkwato a allon makaranta aka rubuta Kebbi, akwai gwangwanin da ya yi saura, yana jiran mai kishin ƙasa.

Ga sirrin aikin duka: cika ɓangaren surukinka da kurmi har sauro ya rasa hanya, ka bar na abokin gabarsa fili fetal. Sai ka kafa doka cewa sojan da ke cikin itatuwa ba ya kamuwa. Wannan ba maguɗi ba ne, girmama na gaba ne.

Mataki na 5: Ɗauki sojoji

Marafan kwalbar lemo, goma ja, goma fari. Ɗan lido ɗaya don sanin taku nawa kowa zai yi. A gaban tsofaffi ka kira shi ƙuri'a. In ka bari wani ya ce caca, aurenka ne ka jefa.

Mataki na 6: Kada ka gayyaci kowa

Je ka gaya wa surukinka cewa Tanimu ya ce shi surukin naka ba zai iya sake karawa da shi ba, tsoro yake ji. Je ka gaya wa Tanimu haka nan. Ni da na turo teburin a amalanke bayan la'asar, na tarar su biyun sun riga ni zama a zauren Baba, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, maƙwabta sun cika ƙofa.

Na yaye zanen da na rufa. Baba ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Malam, wanga mi na na?"

"Gungun Shamuwa ne, Baba."

"Gungunmu? Da wanga kurmi? Mu birai muke?" Ya sa yatsa biyu ya tuge itacen da na yi kwana biyu ina fenti. "Nan wurin shanya taru na, babu icce ko guda. Nan ma babu. Tsamiya guda ɗai muke da ita."

Na ce, "Baba, a bar su mana, za su yi amfani."

Tanimu ya ce, "Bar shi shi tuge, Malam. Yau ɗai na ji shi yana faɗin gaskiya."

Kafin a jefa ƙuri'ar farko, Baba ya share maɓoyar da na gina masa kaf, ya tara itatuwan a gefen tabarma. Darasi: suruki yakan yafe maka rashin iya tuƙi, amma ba ya yafe ƙarya a kan garinsu.

Mataki na 7: Bar yaƙi ya yi halinsa

Tanimu ya jefa shida, ya sake jefa shida. Jajayen marafansa suka ƙetare ruwa suka kewaye tsamiya. Na Baba suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har saura biyu. Ta labulen cikin gida na hango Murjanatu da goyo, ta dafe kai. Na fara tunanin wa zan aika ya riƙa kai mini gaisuwa wajen ɗana in ya girma.

Tanimu yana dariya da dasashi, ya ce, "Wakili, faɗi da bakinka. Wa yac ci?"

Baba ya miƙe ya ɗauko butarsa kamar mai shirin alwala, ya tsaya a gaban teburin, ya tuttule ta a kan tsibirin. Laka ta jiƙe, bula ta malalo, bukkokin ashana suka fara iyo.

"Ga yadda yaƙin yaƙ ƙare," in ji shi. "Ba kai kac ci mu ba, Tanimu. Ruwa yac ci mu."

Dariyar Tanimu ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon ɓangarensa, sannan ya ce a hankali, "Zuba har wajenmu, Wakili. Mu ma bai bar mu ba."

Baba ya zuba.

Mataki na 8: Rufe bakinka

Wannan ne mataki mafi wuya, domin aikin sati uku ne ke narkewa a gabanka. Daure. Baba ya tsamo bukka guda daga ruwan, ya share ta da bakin rigarsa, ya riƙe a tafin hannu.

"Ɗakin Inna ba nan kas sa shi ba," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Kusa ga tsamiya yake, ƙofa na kallon gabas. Kana iya sake ginawa?"

"Ina iyawa, Baba."

"Da rumbunmu," in ji Tanimu. "Guda ukku, bayan masallaci."

Baba ya juya wajen labule ya ɗaga murya. "Murjanatu! Haɗa kayanki. Mutum ba shi wanga aiki da yunwa."

A hanyar gida, kayanta a cikin amalanken, ta dube ni ta ce, "Malam, ashe da laka za ka karɓo ni? Da na sani, ai tun ranar arba'in da na kwaɓa maka."

Gargaɗi

Na yi alkawarin matarka za ta dawo, ban yi alkawarin ita kaɗai za ta zo ba. Yanzu tsofaffi tara ke sallama a ƙofata kullum la'asar, kowanne da ɗakin innarsa da ruwa ya ci, kowanne kuma sai ya ci tuwo. Baba da Tanimu sun haɗa marafansu runduna guda, sun ce ba yaƙi sai da abokin gaba, don haka ni ne dam. Kullum sai sun ci ni. Jiya Baba ya ƙwala mini sandar tura soja a gwiwa, ya ce wannan ta shekara ashirin da huɗun da na yi a kan tsibirinsu ce.

Saboda haka duk wanda ya bi matakan nan ya ga abin da ya gani, tsakaninsa da surukinsa ne. Ni ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, kuma kada ya zo gidana, babu sauran wuri a tabarma.