Safar Malam Abdulmuminu

Ranar Talata, tara ga Maris, 1954, da ƙarfe takwas da rabi, na fara ganin Malam Abdulmuminu. Ni ne akawun ofishin da ke kula da makarantun Fagge da Sabon Gari, shi kuma aka kawo shi ya gyara su. Mun yi sa'a ƙwarai, don mutum ne da ya yi wata uku cur a Ingila, ya dawo da sanin komai.

A 1953 yara goma sha ɗaya suka ci jarrabawar shiga makarantar Midil daga wata makaranta a Sabon Gari, Fagge kuwa huɗu kacal. Ƙaramin mai bincike da sai ya duba littattafai. Shi ƙafafun malamai ya duba. Ya tarar hedimastan Sabon Gari, Mista Nwabueze, yana sanye da gajeren wando da doguwar safa har gwiwa.

"Na gano asirin," in ji Malam Abdulmuminu. "Safa tana matse ƙwauri, jini ya gudu sama, ƙwaƙwalwa ta cika, ilimi ya fito ta baki. Haka ake yi a Ingila."

Nwabueze ya ce, "Malam, kududdufi ne a bayan ajin. Saboda sauro nake sa ta."

"Rubuta, akawu. Mutumin yana da tawali'u."

Na rubuta. Washegari na buga doka: kowane malami ya zo aiki da gajeren wando da safa, bakinta yatsa biyu ƙasa da gwiwa, in ba haka ba ya ajiye alli. Kafin mako ya zagayo ana kiransa Sarkin Ƙwauri daga Kwaciri har Rijiyar Lemo. Da labari ya iso masa, ya ce sarauta ce.

Malam Hambali, malamin lissafi na Fagge, shekararsa ashirin da uku yana koyarwa, kuma yaran nan huɗu duk daga hannunsa suka fito. Saura shekara biyu ya kai fansho. Ya zo ofis ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, uwar 'ya'yana ma ba ta taɓa ganin gwiwata da rana ba. In sa safar a ƙarƙashin riga?"

"Safar da ba a gani ba ta koyarwa. Litinin, ko wando ko sallama."

Litinin Hambali ya zo da wando. Ina wurin da takardata. Da ya shiga aji, yara arba'in suka ga ƙwaurin dattijon da ya koyar da iyayensu, sai duk suka sunkuyar da kai. Ya yi rubutu a allo, ba wanda ya ɗago. Ya ce su duba, suka ce "To, Malam," idanunsu na kan tabarma. Haka aka yi wata bakwai.

Sarkin Ƙwauri ya zo da rularsa, ya auna safa, ya dubi kawunan nan a sunkuye, har ya yi ƙwalla.

"Ko a Ingila ban ga ladabi irin wannan ba. Rubuta, akawu: gyara ya kama."

Jarrabawa ta fito ranar sha huɗu ga Disamba. Sabon Gari goma sha biyu. Fagge babu ko ɗaya. Malam Abdulmuminu ya yi kwana uku yana nazari, ya gano cewa ƙwaurin Hambali ya cika siranta, safar tana zamewa. Ni na buga takardar sallamar. Hambali ya karɓe ta da hannu biyu, ya ce in ba shi izini ya shiga sito ya mai da rigarsa kafin ya fita titi.

A Yulin 1956 aka ƙara wa Malam Abdulmuminu girma, aka ba shi kula da kayan sawar masinjoji. Yana can har yau. Masinjojinmu tara ne, safarsu daidai take, kuma ba wanda ya iya karanta sunan da ke kan ambulan ɗin da yake ɗauke da shi.