Angon Randa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren Falmata, 'yar ƙanena Sale, ba. Ko na so mantawa ma, mutanen unguwarmu a Gashuwa ba za su bar ni ba, don har yau da sunan da na samo a ranar suke kirana.

Ni ne babba a gidanmu. Da Allah ya buɗa mini a fataucin busasshen kifi, sai na sayi filin da ke kallon tsohon gidanmu, na tayar da gidan bulo, rufin kwano mai sheƙi, tayil har bakin ƙofa. Akwai manyan bishiyoyin maina biyu a filin (darbejiya, in ji Kanawa), na sa aka sare su don mota ta samu wurin juyawa, na malale wurin da siminti. Sale kuwa, malamin firamare, ya ci gaba da zama a gidan ƙasan da Baba ya bari, da mainoni uku a ƙofar gida, da tsohon soron Baba mai kaurin bango a gefen ƙofar shiga. Nakan tsokane shi in ce, "Malam, yaushe za ka fito daga ramin nan?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai ramin da sanyi."

Gaskiyar magana, don Inna na yi ginin. Ni ɗan fari ne, kun san yadda abin yake: ba ta kiran sunana, "wannan" take ce mini, ba ta ko haɗa ido da ni. Sale kuwa auta, sunansa a bakinta kamar tasbihi. Da furfurata da komai abin yana ci mini rai. Ranar da na kwaso akwatinta na sa ta a ɗaki mafi kyau a gidana, na ce a raina, to, yau dai na yi nasara a kan malamin makaranta.

Sai zafi ya zo. Mu ba baƙin zafi ba ne, a cikinsa aka yanke mana cibiya, amma na 'yan shekarun nan wani iri ne. A da bazara takan zo ta yi kwanakinta ta wuce, yanzu tun sanyi bai gama sallama ba take shigowa, ta miƙe ƙafa ta ƙi tafiya. Tsofaffi ma cewa suke ba su san wannan ranar ba. Ruwan tanki ba ya taɓuwa da azahar, waya ta kashe kanta a aljihu, fankar sola tana juyawa amma iskar gidan burodi take kawowa. Kwanon da nake taƙama da shi ya mai da gidana tanda.

Inna ta fara da dabara. Hantsi na yi sai ta ɗauki mafici da carbi ta ce za ta leƙa jikoki. Da farko la'asar take dawowa, sai ya koma magariba. Wata rana na ga butarta ta tsallaka layi, bayan sati darduma ta bi, ƙarshe dai akwatin ma ya koma. Ta taga nake leƙenta tana kishingiɗe a tsakar gidan Sale idan an bar ƙofa a buɗe (e, leƙe, ni Alhaji guda), wallahi kishi nake ji irin na yaron da aka yi wa ƙane. Hatta majalisar da ke zama a ƙofata ta kwashe bencinta ta koma gindin maina.

Ana cikin haka auren Falmata ya taso, da wani yaro ɗan Nguru. A al'ada uba ba ya ba da 'yarsa da kansa, wansa ko ƙanensa ne waliyyi, wato ni. Na ce to, dama ta samu.

"A ƙofar gidana za a ɗaura," na ce wa Sale.

"Yaya, watan nan fa ba na wasa ba ne. Ga inuwa nan a banza."

"A gidan babba ake ɗaura aure ko a gidan ƙarami?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka ce, Yaya." Lissafina shi ne Inna ta ga danginta na Dagona da baƙin Nguru sun cika ƙofata suna yaba gini, ta ji kunya ta dawo da akwatinta. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Ranar na ɗauko hayar rumfuna da kujerun roba, na ɗaura shadda mai sitaci, 'yar ciki da babbar riga, ina tafe tana ƙara. Ƙarfe sha ɗaya aka sa, sai labari ya zo cewa tayar motar dangin ango ta fashe a hanyar Nguru. Muka zauna jira. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi. Rana tana duka ta sama, simintina yana ramawa ta ƙasa. Ƙafafun kujeru suka fara lanƙwashewa, ruwan leda ya zama shayi ba sukari. Kawu Adamu, ƙanen Inna, wani masunci daga Dagona wanda bakinsa ba ya da linzami, ya sharce gumi ya ce, "Alhaji, kai kam ka huta da sayen itacen banda. Ka baza kifinka a nan kawai, kafin la'asar ya gasu." Aka yi dariya. Na yi yaƙe na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Kawu, zafi ai a zuciya yake. Ni ban ji komai ba."

Ban rufe baki da minti goma ba na fara ganin mutane bibbiyu. Na ce zan kama ruwa. Cikin gidana ba shiga, ya fi waje zafi kuma mata sun cika shi. Ƙafafuna ne suka yanke hukunci: na zagaya ta bayan layi, na faki ido, na faɗa soron Baba, ramin nan da nake zagi, na turo ƙofa.

Wayyo, sanyi. Duhu-duhu, ƙamshin jiƙaƙƙen yashi, ga randar nan a kusurwa tana tsattsafo. Na sha moɗa biyu. Na tuɓe babbar riga, na tuɓe 'yar ciki da hula, ya rage daga ni sai singileti da wando. Na ce bari in ɗan jingina kumatuna da randar, minti biyar kacal. Rabona da barcin kirki kuwa ya kai wata biyu.

Abin da ya biyo baya, ba ni labari aka yi. Baƙin Nguru suka iso, Liman ya dubi dattawa suna haki a kan siminti ya ce a'a, a koma inuwa. Kowa ya ɗauki kujerarsa aka tsallaka gindin mainar Sale, daidai ƙofar soron da nake ciki. Aka natsu, Liman ya ce, "Ina waliyyin amarya?" Aka waiwaya, babu ni. Aka kira wayata, ta daɗe da sumewa. Aka duba masallaci, aka duba gidana, har wani ya ce a leƙa asibiti. Sale ya shiga wurin Inna hankali a tashe. Ita kuwa ko fifita ba ta fasa ba, ta ce, "Ku duba soron ubanku. Tun yana ƙarami, in rana ta dame shi bayan randa yake shigewa."

Sale, bawan Allah, ya so ya rufa mini asiri, ya ɗan tura ƙofar kaɗan. Kawu Adamu da ke bayansa ya wangale ta gaba ɗaya. Ga ni nan a gaban dangin Dagona da surukan Nguru, na rungume randa da hannu biyu, ƙafa ɗaya a kanta, ina minshari. Cikin barci na ji ana cewa "waliyyi", sai na zabura, yashi a kumatu, na ɗaga murya: "Na bayar! Na ba da ita!"

Liman ya gyara tabarau ya ce, "Alhaji, ba a nema ba tukuna. Kuma wacce ka bayar, yarinyar ko wadda ke hannunka?"

Dariyar da aka yi har tsuntsayen maina sai da suka tashi. Kawu ya ce, "A'a, wannan ai tasa ce. Angon randa ke nan." Na so ƙasa ta tsage in shige. Sale bai yi dariya ba, ya zura mini riga, ya kakkaɓe mini yashin fuska da hannunsa, kuma wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. A inuwarsa na ba da auren 'yarsa, murya can ƙasa.

Bayan la'asar na shiga wurin Inna na tsuguna. Na ce, "Inna, gidana ne bai yi miki ba, ko ni ne?" Ta kawar da kai kamar kullum ta ce, "Kai wannan, ba kai na guje wa ba, rana na guje wa. Ga shi kai ma ka biyo sawuna." Sai ta juyo da maficin tana fifita ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ta ce, "Ranar da ƙofarka ta yi inuwar da za ta ɗauki tabarmata, ka aiko a ɗauki akwatin."

Washegari na sa aka fasa simintin. Dashen maina uku na roƙa, a wurin Sale kuwa, na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Kullum la'asar nakan fito in auna inuwar. A yanzu tana ɗaukar buta da takalmi ƙafa ɗaya. Inna kuma shekaru sun ja, shi ya sa nake ba su ruwa safe da yamma ina roƙonsu su yi sauri.

Abin da na koya shi ne, gatari wuni ɗaya ya ishe shi, inuwa kuwa sai ta ja maka rai shekaru. Kuma in za ka yi kishi da ƙanenka, fara dubawa ko a ƙofarsa bishiyar take. Kishin dai bai sake ni duka ba: jiya na tsaya na lura, har dashen da Sale ya bar wa kansa ya fi nawa ganye.