Inuwa Feshi da Rigar Ƙwayar Magani

"Wallahi duk wata ƙwayar magani da kuke gani, ja ko shuɗiya ko ruwan ɗorawa, fenti ne kawai! In kuwa ana maganar fenti, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku wa ya kama ƙafata?"

Mai wannan cika-bakin shi ne Inuwa Feshi, mai yi wa Adaidaita Sahu fenti a gindin wata darbejiya. Mai karatu, in ka ga gogan naka yana tafiya, hula a karkace, biro uku a aljihu alhali ko ɗaya ba ya rubutu, sai ka rantse shi ya gina Kano.

Abin da ya tayar masa da wannan iskar kuwa shago ne. Alhaji Bello ya gina sabon shago a Tarauni, mai ƙofar gilashi daga sama har ƙasa, ya ce ba zai ba kowa ba sai mai sana'a mai tsabta. Shekara goma sha biyu Inuwa yana gindin bishiya, rana ta gasa shi, ruwa ya jiƙa shi, tsuntsaye su sa hannu a aikinsa. Yana son shagon nan kamar ransa.

To ana cikin haka ya shiga kemis ɗin Madam Hannatu, maƙwabciyar shagon, sayen maganin ciwon kai. Ya tarar tana yi wa wata tsohuwa bayani cewa ƙwaya ma tana da riga: akwai ta sukari, akwai siririya kamar fatar albasa, akwai wadda ba ta narkewa sai a hanji. Minti biyar ya tsaya. Da ya fito, a ganinsa ya gama jami'a.

Washegari ya zube gaban Alhaji. "Ranka ya daɗe, kamfani zan buɗe. Kamfanin ɗinka wa magani riga."

Alhaji ya ce, "Ikon Allah! To ranar Asabar ka kawo mu gani. Zan kira Madam ta duba mana, tunda ni ba fannina ba ne."

Ranar Asabar da hantsi aka jera benci a ƙofar shagon. 'Yan kallo suka cika, har masu Adaidaita suna ajiye fasinja a hanya. Farfesan gindin darbejiya ya iso sanye da farar riga da ya aro a wurin mai nama, ɗauke da gwangwani uku.

"Na ɗaya, rigar sukari!"

Ya buɗe gwangwani ya girgiza, ba abin da ya faɗo. Ya buga gindinsa, sai ga wani dunƙule kamar kan jariri ya faɗo tim! Ashe ƙwaya arba'in ya zuba cikin tafasasshen sukari, suka haɗe suka zama uwa ɗaya uba ɗaya. Kiyashi kuwa sun yi layi a kai, har da masu ba da hannu.

Alhaji ya ja da baya. "Inuwa, wa zai haɗiyi wannan?"

"Ai ta iyali ce, ranka ya daɗe. A ajiye a tsakar gida, duk mai ciwon kai ya zo ya lasa."

Madam Hannatu ta gyara tabarau. "Malam Inuwa, sukarin nan a hankali ake shafa shi, shafi bisa shafi, ƙwayoyin suna juyawa a inji, don a ɓoye ɗaci. Kai kuwa alewa ka dafa."

"Hassada ce," in ji Inuwa ƙasa-ƙasa. "Na biyu, siririyar riga!"

Wannan karon ƙwayoyin sun fito ɗai-ɗai, a gaskiya. Sai dai kowace ya naɗe ta a ledar ruwa, ya ƙulle bakin da zare, kamar ƙullin yaji.

Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Dakta, to zaren fa?"

"Jahilci dai bai yi ba. Zaren ai na tsaro ne. In ka haɗiya ka ga ba ta karɓe ka ba, sai ka jawo abarka."

Aka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga benci. Madam ta share hawaye ta ce, "Siririyar rigar da nake nufi tana kare ƙwaya daga danshi, ta sa ta wuce maƙogwaro sumul, tana isa ciki kuma ta narke. Ledarka ko akuya ta ci sai an yanka ta."

Alhaji ya duba agogo. Inuwa ya ga shago yana neman kuɓuce masa. Ya ɗaga gwangwani na uku sama da hannu biyu.

"Alhaji, waɗancan wasa ne. Ga uwar riguna, mai wuce ciki ba ta narke ba!"

Ya zaro ƙwaya guda. Jama'a, sheƙi! Fentin mota ruwan azurfa ya fesa mata, shafi tara, yana shanyawa a rana yana ƙarawa, har ta koma girman goruba ƙarama.

Madam ta jefa ta a kofin ruwan ɗumi. Aka jira. Ruwan ya huce, ƙwaya tana nan tana kallon kowa. Aka kawo ruwan zafi daga wurin mai shayi, ko gezau. Wani bakanike ya ɗora ta a kan dutse ya sauke mata guduma, dutsen ya tsage.

"Kun gani!" Inuwa ya daki ƙirji. "Ba ta narkewa!"

"Malam Inuwa, ai ba a nan gizo yake saƙa ba," in ji Madam. "Waccan rigar ana yin ta ne don maganin da ke cin ciki, ko wanda ruwan ciki ke lalatawa. Ta jure a ciki, amma tana shiga hanji dole ta buɗe. Akwai ma mai sakin magani kaɗan-kaɗan har yini guda. Taka yaushe za ta buɗe?"

"Hanji ai ya fi guduma ƙarfi. Bari ku gani da idonku."

"Kada ka soma! Fenti guba ne!"

Ina! Kafin Madam ta rufe baki sarkin taurin kai ya wurga ƙwayar a maƙogwaro. Ta tafi rabin hanya ta ce nan za ta kwana. Idanun Inuwa suka firfito, hula ta faɗi, ya shiga rawa ba kiɗa yana nuna wuya. Madam ta yi ihu a buga masa baya. Bakaniken nan, wanda hannunsa ya kai faranti, ya ja da baya ya ɗirka masa guda ɗaya.

Ƙwaya ta fito kamar harsashi. Ta wuce ta gefen kunnen Alhaji, ta daki ƙofar gilashin nan, tartsatsa! Gilashi ya zube ƙasa kamar tsakin masara. Ita kuwa ta gangara tsakiyar shago ta tsaya, ko ƙwarzane babu.

Alhaji ya zaro waya ya kira Ashiru mai gilashi. Ashiru ya zo da abin awo, ya auna ƙofa, ya leƙa ciki, ya ce, "Kai, Alhaji, shagon nan ya yi kyau. An ba wani ne?"

"Yanzu dai na ba ka."

Inuwa, da muryarsa da ta koma ta ɗan tsako, ya rarrafo. "Ranka ya daɗe, ni fa? Ko ɗan lungu ne?"

Alhaji ya sunkuya ya tsinci ƙwayar, ya juya ta a hannu, ya damƙa masa.

"Ungo. Je ka gindin bishiyarka ka jiƙa ta. Ranar da ta narke ka zo ka karɓi makulli."