Rasuwar Salular Malama Nuriya, Wadda Ta Tona Asirin Unguwa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, Malama Nuriya, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, a Gaya, tana sanar da rasuwar salularta, ranar Talata da hantsi, tana da shekara shida a duniya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta faɗa miya ta tashi, ta haye gada zuwa Malanville ta dawo ba ta yi ƙorafi ba. Ba a taɓa jin kalmar banza a bakinta ba, daga "ƙirrr" sai "tin-tin". Ashe gulmarta ba da baki take yi ba.

Ita ce salular unguwa. Matan ƙungiyar masu noman shinkafa, da yake karatu bai same su ba, wurin Malama suke kawo kuɗinsu ta saya musu takin zamani ta manhajar wani kamfani. Kowace kuma sai ta bar lambar mijinta ko ɗanta, Malama ta rubuta shi da Alhaji, don ba a kiran babban mutum da sunansa tsirara, ko da jaki bai mallaka ba. Ga lambobin tsofaffin ɗalibanta, wasu a duwan, wato kwastan, wasu a Kotonu da manyan motoci. An ce jama'a rahama ce. Wanda ya faɗa bai sayi taki a salula ba.

Ciwon ajali ya fara ne da damina, lokacin da Inna Seyni, ɗaya daga cikin matan ƙungiyar, ta ji cewa kowa a garin yana samun buhu da sauƙi ban da su. Magana ta zaga rijiya, ta shiga gidan suna: Malama tana ɗora nata a kai. Matan da ta rubuta wa wasiƙu shekara talatin suka koma gaishe ta da gefen baki.

Siddo mai gyaran salula a tasha, ɗalibinta na dā, shi ya duba marar lafiya. Ya jera ta da tasa: buhu ɗaya, kamfani ɗaya, sa'a ɗaya, farashi biyu. Ya ce manhajar ta leƙa lambobin ciki, ta ga wa mutum ya sani, ta yanke masa farashi daidai da mutanensa. Tun ranar farko ta nemi izini, aka danna mata "to". Malama, wadda ta sha jan kunnen yara kan sa hannu ba karatu, ita ta danna.

Marigayiya ta cika a cikin turmi, a hannun Malama. Taɓarya uku, ba ta wahala ba.

Ta bar igiyar caji da ta gaji da rayuwa, da riga ta roba, da lambobi ɗari huɗu da ke raye cikin ƙoshin lafiya a hannun kamfani, inda taɓarya ba ta kaiwa.

Ba za a yi wanka ba, marigayiya ba ta son ruwa. Za a rufe ta gobe bayan la'asar a gindin mangwaron gidan Malama, Siddo zai tsaya ya bayyana wa jama'a ciwon da ya kashe ta. An shimfiɗa tabarma ta musamman a gaba domin matan ƙungiya, an aika wa kowace har ɗakinta. Zuwa rubuta wannan sanarwa, babu wadda ta ce za ta zo.