Ƙararrawar 'Yar Kawu

"Lafiya lau, ɗan gwaggo. Ya gajiya? Ko ba ka yi aikin da za a gaji ba?"

Dogo bai ɗago kai ba. Ofishin ɗaki ɗaya ne, kuma tun satin jiya aka mayar da 'yar kawunsa teburin bakin taga, aka ajiye mata sabon allon kwamfuta mai faɗi, bayan manaja ya yaba aikinta a gaban kowa. Manhaja ɗaya suke rubutawa, ta masu kai kaya a babur. Nasa ɓangaren shi ne taswirar da ke nuna inda kowane babur yake. Da yamma masu manhajar za su zo gani, kuma manaja ya ce in taswirar ba ta motsa ba, 'yar kawun za a miƙa wa aikin.

Baburan kuwa ko gezau.

"Taga ta dace da ke," ya ce. "Da ma leƙen mutane ne sana'arki."

"Iska nake sha, bawana. Me ya sami baburanka? Mai ya ƙare?"

"Hutawa suke."

"Dukansu? Tun jiya?"

"Kwamfutar ce ta tsufa. A ba ni allo irin naki ki ga aiki."

"Allo ke rubutu? Janye doguwar ƙafar nan in zauna."

Ta jawo kujera ta hau karanta abin da ya rubuta. Tsarin ba mai wuya ba ne. Bayanan babura suna kwararowa cikin taswira har sai mai waya ya bar shafin. A lokacin ne wani ɗan layi na rubutun manhajar da suke kira ƙararrawa zai buga, a yanke kwararar don kada ta yi ta cin batir a banza.

Sai ta tuntsire da dariya.

"Wannan ƙararrawar ai tawa ce!"

"Sunanki ke jiki?"

"Har bayanin da na rubuta a samanta ka kwaso, ɓarawo."

"Aro na yi. Kayan kawu ai nawa ne."

"Ita manaja ya yaba, shi ne ka tsige taka ka dasa ta, ko?"

"To ba na ga ana tafa miki ba, sai ka ce ke kika ƙirƙiro lantarki?"

"Allah sarki, hassada har cikin kwamfuta. Saurara. Tawa tana riƙe da saƙo tun farko, duk wanda ya jona ta, nan take za ta miƙa masa. Ni haka nake so, don kada shafina ya buɗe fayau. Kai kuma ka ce wa taswira da ta ji ƙararrawa ta tsaya. Tana buɗe ido ta ji an buga. Babur ɗaya bai iso ba ka rufe ƙofa."

"Wato halinki ta ɗauko, magana tun ba a tambaya ba."

"Ko ka sa a tsallake saƙon farko, ko ka dawo da taka ta da, mai shiru sai an buga ta. Ita ce daidai a nan."

Wannan ya fi komai yi wa Dogo ciwo. Ashe da hannunsa ya tsige mai kyau. Ya dawo da ita ba tare da ya kalli gefen 'yar kawun ba. Baburan suka fara rarrafe a kan taswira. Ya bar shafin, kwararar ta yanke tsaf.

Manaja ya leƙo, ya ga babura na tafiya, ya tambayi wa ya gyara.

"Aikinsa ne tun asali," in ji ta. "Ni iska na zo raba masa."

Da manaja ya wuce, Dogo ya daɗe yana sosa ƙeya. Can ya buɗe aljihun tebur ya ciro cajar waya.

"Ungo, 'yar kawu. Kyauta, don kada ki ce ban da godiya."

Ta juya ta, ta duba jan zaren da ke ɗaure a wuyan cajar.

"Bawana, wannan ma tawa ce."

Dogo ya kifa kai a tebur yana dariya. "Riƙe ta. Na bar miki har da tagar."